Maɗaurin da Bai Zagaye Dantsenta Ba

Kujerun ɗakin awon ciki duk masu hannu ne. Wanda ya sayo su ko dai bai san akwai mace irinta a duniya ba, ko kuma ya sani ya ga ba ta cancanci zama ba. Saboda haka duk ranar awo a bencin bakin ƙofa take zama, kusa da kwandon shara, inda kowa zai wuce ya kalle ta, ya yi gaba, ya waiwayo ya ƙara.

Tirela suke ce mata. Tun a makaranta sunan ya manne mata, ya biyo ta unguwa, ya biyo ta gidan miji, ga shi har asibiti ya riga ta isowa. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya kiranta da shi, kuma yana can waje a baranda inda ake ajiye maza, rungume da jakarta kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai.

Ta waya suka haɗu. Ita tana aiki a ɗakin karɓar ƙorafi na kamfanin wuta, inda ake biyan mutum ya sha zagi daga safe zuwa yamma. Shi mai gyaran firji ne, siriri kamar sandar rake, ya kira ne don ya zazzage mata kwandon masifa a kan wutar da ta ƙi zuwa. Da ta ce, "Barka da rana, da me zan taimaka maka?" sai masifar ta narke masa a baki. Washegari ya sake kira, alhali da wuta a shagonsa. Ranar da ya fara ganinta ido da ido ta tsaya tana jiran abin da ta saba gani a fuskar maza, wato ɗan ja da baya ɗin nan da suke zaton ba a lura. Ja da bayan bai zo ba. Ya ce, "Ashe muryar tana da gida mai kyau haka." Tun daga ranar Muryata yake ce mata, ita kuma ta ce masa Injiniya don tsokana. In suna tafiya tare 'yan unguwa su ce ga lamba goma nan tafe, ɗaya da sifili. Shi sai ya ce, "To ai ba don ita ba, ɗaya ne ni kawai."

Wannan ne cikinta na biyu. Na farkon ya kusa isa haihuwa yaron ya daina motsi, aka fito da shi ba rai. Babu wanda ya gaya mata dalili. Surukarta ce kaɗai ta bayar da nata, a gaban 'yan gaisuwa, tana kaɗa kai: "Yo ina yaro zai sami wurin numfashi a cikin wannan kitse? Danne shi ta yi." Mata suka ce sai haƙuri. Ba wadda ta ce wa tsohuwar ta ji tsoron Allah.

Ta san ƙibar ba wasa ba ce, ba ta buƙatar wani ya tuna mata. Tun farkon cikin nan likita ya lissafa mata: ciwon suga, hawan jini, wahalar naƙuda, tiyata, zubar jini, ciwon da ke ƙin warkewa. Ta ji, ta riƙe. Ta bar lemon kwalba, ta bar shayi mai sukari, kullum da yamma Injiniya ya riƙe hannunta su zagaya layi yara na biye da su suna dariya. Abin da ba ta gane ba shi ne, in har jikinta ne ya fi na kowa haɗari a ɗakin nan, me ya sa ita ce aka fi saurin sallama?

Yau ta zo da ciwon kan da ya ƙi jin magani. Ƙananan taurari na gilmawa a idonta kamar ana walda a nesa. Ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama ya riƙe. Abin da ya fi komai tsorata ta, yarinyar da ke cikinta, wadda ta saba harbin ta duk sa'ad da ta yi magana, tun jiya ta yi laƙwas. Da safe Injiniya ya durƙusa zai sa mata takalmi ya ƙi shiga. Ya danna yatsa a bayan ƙafarta, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya ɗago ya dubi fuskarta ya daɗe.

"Muryata, wannan ba ke ba ce. Na san ƙibarki, tawa ce. Wannan kumburi ne."

"Mai bi mata!" aka ƙwala daga ciki.

Ɗan ɗakin awon jinin ƙuntatacce ne, tebur ɗaya, kujerar ƙarfe ɗaya marar hannu, sai nas ɗin da mata suka sa wa suna Sista Sauri, don ba ta da wata kalma da ta wuce wannan. Mace ce mai jan baki da gashin ido na kanti, tana riƙe biro kamar wadda ke tsoron ya shafa mata talauci. Ta ɗago ta ga mai shigowa, ta sauke ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɗora wa buhun siminti.

"Oh ni. Madam, kin sake dawowa? Zauna a hankali, kujerar ta hukuma ce."

Ta zauna. Sista ta jawo maɗaurin awon jini, wanda ake naɗawa a dantse a hura masa iska. Guda ɗaya ne a ɗakin, kuma an yi shi ne don dantsen mutane irin Sista. Ta ja, ta matsa, ta cije leɓe, da ƙyar bakinsa ya taɓa ɗaya bakin. Tana fara hurawa ya ɓalle, fyaat. Matan da ke leƙe daga ƙofa suka fashe da dariya.

"Ko igiyar shanya za a samo, Sista?" in ji wata.

Sista ta sake naɗawa, ta danne da tafin hannu, ta hura. Allurar ma'aunin ta hau, ta hau, ta tsaya can sama. Ta kalla, ta taɓe baki, ta rubuta wani abu a kati.

"Me ya nuna?"

"Lafiya lau."

"Na ga inda allurar ta tsaya. Ba shi kika rubuta ba."

Sista ta ajiye biro, ta yi murmushin da ake yi wa yaro mai tambayar inda rana ke kwana. "Bari in koya miki aikina, tunda kin zo koyo. Ƙaramin maɗauri a kan babban dantse ƙarya yake yi, ƙara lamba yake. Kowa ya san wannan. Saboda haka in irinku suka zo, mukan rage. Haka muke yi a nan tun kafin ki san hanyar asibiti."

"Nawa kuke ragewa?"

"Daidai yadda ya kamata."

"Wa ya auna daidai ɗin?"

"Madam, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mai bi mata!"

"Kaina na ciwo, Sista. Ina ganin walƙiya. Ƙafata ta kumbura. Yarinyar ba ta motsi sosai."

"Ciwon kai, ƙiba. Ƙafa, ƙiba, ke da kanki ki tausaya wa ƙafar da ke ɗauke da ke. Motsi kuwa, ta ina za ki ji shi? Ko ganga aka buga a ciki sai ta kwana kafin ta iso waje. Ki je ki rage ci, ki sha ruwa. Mun ji bayaninki, za mu duba."

Mun ji bayaninki, za mu duba. Maganar ta daki kunnenta kamar ta ji muryarta a rikoda. Ita ma da wannan jimlar take cin abinci. Ta faɗe ta ga tsoho mai injin niƙa, ta faɗe ta ga matar da kifinta ke ruɓewa a firji, cikin murya mai sanyi, yatsanta na kan maɓallin katse waya. Ta san abin da jimlar ke nufi sarai: tafi ka mutu a wani wuri, akwai mutane a layi. Wancan cikin ma haka aka ce mata, a ɗakin nan, da maɗaurin nan, ta yi godiya ta tashi ta tafi gida.

Ta gyara zama. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan cikinta.

"Ba zan tashi ba."

"Me kika ce?"

"A kawo maɗaurin da ya kai dantsena a auna ni. In babu, a kira wanda zai ce mini babu da bakinsa, ya rubuta sunansa a ƙasa."

"Ke, baiwar Allah, ba na son iskanci da safiyar nan. Tashi!"

"Ɗaga ni."

Sista ta dube ta daga sama har ƙasa, tafiyar da ta ɗauki ido lokaci. Tsakanin tebur da bango babu inda wata mace za ta raɓa ta wuce, balle a sa wata kujera. Jikin da suka shekara suna yi wa dariya ya cika ɗakin ya toshe aikin ranar gaba ɗaya.

Aka kira mai gadi. Ya zo da kulkinsa yana huci, ya leƙa, ya ga abin da ake so ya ɗaga, ya sosa ƙeya.

"Sista, ni fa bayana ba lafiya. Kuma mai ciki ce. In wani abu ya faru ni za a kama."

A waje layi ya fara tafasa. Matan da suka bar girki da shago da yara suka taso mata.

"Haba Tirela, ki ji tausayinmu mana!"

"Ta lalace a tsakiyar titi, sai an kira janwe!"

"Wa ya aike ki ci? Mu muka ɗura miki?"

Ba ta waiwaya ba. Zagi abincinta ne na kullum, kuma na waya ya fi wannan gishiri. Hawaye ne kawai ya ci amanarta, yana gangarowa ta gefen hanci, ba don su ba, don shirun da ke ƙarƙashin tafin hannunta. A ranta tana cewa, motsa mana, 'yar nan, ko sau ɗaya, ki harbe ni yadda kika saba.

Hayaniyar ta kai baranda. Injiniya ya kutso cikin mata da jaka a ƙirji, ana ce masa maza ba sa shiga, yana cewa a yi haƙuri, yana dai shiga. Ya tsaya a bayanta, ya ɗora hannu a kafaɗarta.

"Malam, ka zo daidai," in ji Sista. "Ɗauki kayanka ku tafi."

"Ai ni ban taɓa iya ɗaukar ta ba, Sista," ya ce a hankali. "Ita ke ɗauke da ni. In ta ce a nan za mu wuni, a nan za mu wuni."

Likitar da ke duba masu ciki ta fito daga ɗakinta, yarinya ce ba ta daɗe da gama karatu ba, idonta ja don gajiya. Ba tausayi ne ya fito da ita ba, surutu ne ya hana ta aiki.

"Wai me ke faruwa a nan kamar kasuwa?"

Sista ta karanta mata laifin kaf, har da ƙari. Likita ta dubi katin, ta dubi matar da ke zaune, ta ɗan tsaya a kan fuskar, a kan fatar idon da ta yi suntum.

"Ba mu da babban maɗauri?"

"Akwai ɗaya a ɗakin tiyata, Dakta. Amma ba sa ba da aro. Kuma ai mun saba, ragewa muke..."

"A je a ce ni na aiko."

Ashe yana nan. Duk watannin nan, duk wancan cikin, yana can a wani kabad, tafiyar da ba ta kai ta sayen kati ba. Wata ma'aikaciya ta tafi tana jan ƙafa kamar an aike ta lahira, ta dawo da shi a hannu, faffaɗa, baƙi, ko ƙura ba a kaɗe masa ba. Likita ta naɗa shi da kanta. Ya zagaye dantsen ya kwanta lumui, karo na farko a rayuwarta da wani abu na asibiti ya yi mata daidai.

Allurar ta hau. Ta sauka kaɗan daga inda ƙaramin ya nuna, ɗan kaɗan ɗin da bai kai rabin abin da Sista ke yafe wa kanta ba. Likita ta saki iskar ta sake hurawa. Ta koma ɗaya hannun. Daga nan muryarta ta sauya.

"A kawo kwalbar fitsari. A kawo keken ɗaukar marar lafiya. Sista, allurar hana jijjiga, yanzu. Ke kuma, tun yaushe kike ganin walƙiyar?"

"Tun shekaranjiya."

"Kin gaya wa wani?"

Ta juya kai a hankali ta dubi Sista Sauri. Sista ta shiga neman wani abu a aljihun tebur.

Tsinken gwajin fitsari ya rine tun kafin a gama ɗaga shi. Aka kwantar da ita, aka shafa mata mai a ciki ana neman bugun zuciyar yarinyar. Na'urar ta yi ta shuu, shuu, kamar rediyon da ya rasa tasha. Likita ta danna, ta matsa gefe, ta sa Injiniya ya tallafe fatar cikin sama da hannu biyu. Ya tallafe, leɓensa na motsi da addu'a. Can ƙasa, can nesa, sai ga shi: ɗif-ɗif-ɗif, siriri, yana sauri yana tuntuɓe.

"Tana nan," in ji likita. "Amma ta gaji. Jininki ya hau sosai, abincin da ke isa gare ta ya ragu. In muka jira, ke za ki iya jijjiga, ita kuma za mu iya rasa ta. Yau za a ciro ta."

"Ai lokacinta bai yi ba."

"Bai yi ba. Amma waje ya fi mata ciki yanzu."

Ko a hanyar tiyata ba su fasa hali ba. Masu tura keke suka tsaya gardamar wanda zai kama gaba, ɗaya na cewa shi ba a ɗauke shi aikin dako ba. Mai allurar kashe zafi ta baya ya yi ta laluben ƙashin bayanta yana tsaki, ya soka ya zare, ya soka ya zare, yana ce wa na kusa da shi, "Wannan ai haƙar rijiya ce." Tana jin su. Mutane na zaton kitse na toshe kunne. Ta kafa ido a fitilar sama, ta ƙi ba su hawaye ko ɗigo. Aikin ya daɗe, jini ya zuba fiye da yadda aka so, sai da aka ƙara mata wani. A tsakiyar wannan ta ji wani ɗan sauti kamar kukan kyanwa a bayan ƙofa, aka gifta da wani abu cikin tawul a guje, ba a ko nuna mata ba.

Da ta farfaɗo sosai, surukarta na zaune a gefen gado da kwanon abinci a cinya, ta riga ta je ta leƙo jaririyar.

"Sannu. Amma ke kam da abin mamaki kike. Duk wannan uban jiki, ki haifo mana ɗan tsako? Ina abincin yake tafiya?"

"Mama," in ji Injiniya. Bai taɓa katse mahaifiyarsa ba sai ranar. "Ɗan tsakon nan da uwarta ta tashi daga kujera, da yanzu muna maƙabarta. Ki yi musu addu'a, ko ki bar mu mu yi."

Tsohuwar ta shiga gyara murfin kwano.

Sista Sauri ma ta leƙo, da jan bakinta, tana gaya wa nas ɗin ɗakin da ƙarfi don kowa ya ji: "Ai ni tun da na ga fuskarta na ce jinin nan ba lafiya ba. Allah ya sa muka yi sauri." Maijegon ta lumshe ido. Akwai mutanen da ko tsaki asara ne a kansu.

Sai da aka kwana biyu kafin a bar ta ta je ɗakin jariran da ke kwalba. Keken guragun da aka kawo ya yi mata kaɗan, ba wanda ya yi mamaki. Ta ce a bar shi. Ta dafa kafaɗar Injiniya da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe ƙarfen ƙarin ruwa, ta taka, ɗinkin na ja kamar ana yanka ta sabo, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen dogon barandan.

Yarinyar na kwance cikin akwatin gilashi, ja, fatarta kamar takardar da ta jiƙe, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Cinyarta ba ta fi babban yatsan ubanta ba. Wata nas mai furfura ta zo auna ta. Ta jawo aljihun tebur, sai ga 'yan maɗaurai jere, farare, kowanne da girmansa, kamar kayan wasan 'yar tsana. Ta ɗauki ɗaya ta gwada a ɗan dantsen, ta girgiza kai, ta mayar, ta ɗauki wanda ya fi shi ƙanƙanta.

"Me ya sa kika canza?" maijegon ta tambaya.

"Ya yi mata yawa. In ba daidai dantse ba ne, ƙarya zai faɗa mini, ni kuma ba na aiki da ƙarya."

Dariya ta ƙwace mata, mai ɗaci, ta riƙe ciki saboda ɗinki, dariyar ta juye kuka. Ashe a ginin nan an san haka. An yi tanadi har don dantsen da bai kai yatsa ba. Nata ne kawai aka ga bai kai a tashi a ɗauko ba.

"Ki sa hannu ta ƙofar nan," in ji nas ɗin. "Ki yi mata magana. Numfashinta ya fi na jiya, kuma ta karɓi nonon da kika tatsa. Wannan mai faɗa ce, za ta fita."

Ta wanke hannu, ta zura shi ta 'yar tagar. Tafinta kaɗai ya isa ya rufe yarinyar gaba ɗaya. Ta rasa abin faɗa, sai bakinta ya ɗauko abin da ya saba.

"Barka da rana," ta ce a hankali. "Da me zan taimaka miki?"

Ƙafar nan ja ta ɗaga ta harbi gefen hannunta, harbi ɗaya, daidai irin wanda ta saba ji daga ciki. 'Yan yatsun suka lalubo ɗan yatsanta suka riƙe.

Injiniya ya goge ido da hannun riga. "Kin gani? Ita ma muryar ta fara sani. Mu biyu ke nan."

"To ka matsa ka ba ni wuri," ta ce, ba tare da ta ɗauke ido daga gilashin ba. "Kuma ka nemo mini kujera marar hannu. A nan zan zauna, ba mai ɗaga ni."